Ta faɗi a tsakiyar sujada, mu muna cewa azumi ne

Malam Edita, barka da aiki, ya ƙoƙari? Allah ya ƙara basira. Don Allah ka ɗan sam min fili a shafin wasiƙu in yi magana da 'yan uwana Kirista masu jin Hausa. Na san da yawa cikin masu karanta jaridar nan Musulmi ne, to ba komai su ma su karanta, ai unguwa ɗaya muke, famfo ɗaya muke bin layi, kuma na fi so a ji maganar nan daga bakin 'yar gida.

Ni 'yar Zumuntar Mata ce, wato ƙungiyar matan coci, na kusa shekara 30 ina ɗaura zanen zumunta, a Zariya na tashi, aure ne ya kawo ni Kaduna. Abin da ya sa na zauna da daren nan ina ta latsa waya, wani abu ne da ya faru a cocinmu cikin watan Janairu wanda har yau ya ƙi fita min a rai. Ba zan faɗi sunan cocin ba don ba tonon silili na zo yi ba, kuma ni ma ina cikin masu laifin.

Muna cikin azumin farkon shekara ne na kwana 21, ran wata Lahadi coci ya cika maƙil har waje an jera kujerun roba. Akwai wata baiwar Allah da muke zama benci ɗaya, mijinta direba ne ya rasu a hatsarin mota shekara uku da suka wuce ya bar ta da yara huɗu, da can tana suyar ƙosai a bakin layinsu, da wake da man gyaɗa suka yi tashin gwauron zabi sai jarin ya karye. Kullum tsaf-tsaf za ka gan ta, zani a goge, ɗankwali a ɗaure, in ka ce ya gida ta ce sai godiya. Ana tsakiyar waƙar yabo kowa a tsaye ana tafi, sai kawai na ji abu ya jingino kafaɗata, kafin in juya ta zube ƙasa. Nan take wasu suka ce Ruhu ne ya sauko mata, aka kewaye ta aka hau addu'a da ƙarfi, ni kaina addu'ar nake hannuna a kanta. Wata yarinya ce cikin matasa, nas ce, ta kutso ta ce don Allah a matsa a ba ta iska, ta kama tsintsiyar hannunta, ta buɗe mata ido ta duba, ta ce maza a kawo ruwa da sukari. Muka ɗauke ta zuwa ɗan ɗakin da ake ajiye kayan kiɗa. Da ta dawo hayyacinta nake ce mata 'yar uwa ai in jiki ba ƙarfi azumin nan ba dole ba ne, Allah yana duban zuciya. Ta kalle ni, ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji, ta ce Mama ba azumi nake yi ba, babu ne. Ashe tun ran Alhamis ruwan zafi kawai take sha, ɗan garin kwakin da ya rage yara take jiƙa wa.

Malam Edita, a wannan ranar, a cikin wannan sujadar, aka buɗe gidauniyar sa tayil da sayen sabon janareta, kuma ina cikin waɗanda suka miƙe suka yi alkawarin kuɗi aka tafa mana. Shekara uku muna zama benci ɗaya da matar nan, na san waƙar da ta fi so, na san muryarta in tana addu'a ko idona a rufe, amma ban taɓa taka ƙofar gidanta ba. Washegari na je. Ɗaki ɗaya ne, murhu a share tas ko toka babu, tukwane a kife, babbar 'yarta na zaune a gida an koro ta kan kuɗin makaranta, makarantar kuwa ta cocinmu ce. Na zauna a bakin katifa na rasa abin cewa, ita ce ma take ba ni haƙuri wai ta tayar mana da hankali jiya.

Tun ranar nake tambayar kaina, wai yaushe muka raba ibada da kula da mutane haka, ibada a coci ran Lahadi da daren Juma'a, taimako kuma sai in an samu rara? Don waɗanda suka raine mu ba haka suka yi ba.

Mahaifiyata ba ta yi boko ba, Littafi Mai Tsarki na Hausa kaɗai ta iya karantawa, shi ma tana bin layi da yatsa. Amma duk ran Alhamis in an tashi zumunta ba gida ake wucewa ba, ziyara ake tafiya, ita kuma rabonta asibiti ne. Tun da asuba za ta dama kunun gyaɗa cike da bokiti, ta rufe da faifai, ni ce mai ɗaukar ludayi da kofuna ina binta a baya. Akwai wata Bafulatana da ba zan manta ba, daga ruga aka kawo ta, haihuwa ta zo mata da gardama, jaririn bai zo da rai ba, ita kuma ta samu yoyon fitsari. Gadonta na can ƙarshen ɗaki kusa da taga, saboda zarni ba mai son matsawa wurin. Mama ta ajiye bokiti, ta tattara tsummokaran matar ta kai famfon bayan ɗaki ta wanke da sabulun da ta zo da shi a ƙugunta, ta shanya, ta dawo ta zauna a bakin gadon ta tsefe mata kai ta yi mata kitso guda huɗu. Mama ba ta jin Fulatanci, matar kuma Hausarta kaɗan ce, haka suka yi ta yi da hannu da murmushi. Ni ina gefe na toshe hanci da gefen ɗankwali, Mama ta harare ni, da muka fito ta ce min, in ke ce a kwance fa? Iyakar abin da ta ce kenan. Ban taɓa jin ta yi wa matar wa'azi ba, in za mu tafi dai takan tsaya a bakin ƙofa ta sunkuyar da kai na ɗan lokaci. Bayan an sallame su, shekara da shekaru mijin matar in ya shigo gari sai ya biyo da ƙwaryar nono da curin man shanu, yana kiran Mama da inna.

A wurin su Mama wankin nan da addu'ar asubar da take yi a durƙushe gaban gado duk abu ɗaya ne, in ka ce mata ta zaɓi ɗaya ba za ta ma gane tambayar ba. Sunan ƙungiyar tamu ma ai daga nan yake, Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake. Yanzu mun mayar da shi anko da taron shekara da gasar waƙa, duk suna da kyau ba na kushe su, amma ƙafar ta daina zuwa gidajen mutane.

Kuma duk wanda ya san tarihin yadda bishara ta zauna a ƙasar nan ya san ba da lasifika ta zauna ba. Lokacin Turawan mulki ba a yarda 'yan mishan su yi wa'azi yadda suka ga dama a cikin biranen sarakuna ba, Dokta Miller ma da ya zauna cikin birnin Zariya, daga baya mishan ɗin ya koma Wusasa wajen 1929, can aka yi coci da makaranta da asibiti. Daga cikin yaran mishan ɗin nan aka samu Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda babban asibitinmu na nan Kaduna ke ɗauke da sunansa. Ƙofar da ta buɗu musu a ƙasar Hausa ita ce wadda kowa ke gudu, wato jinyar masu cutar kuturta. A shekarun 1930 mishan ɗin SIM, wato Sudan Interior Mission, suka karɓi aikin a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato, lokacin ma maganin kirki bai zo ba sai allurar wani mai mai zafi, mutum ya zauna ya wanke gyambon wanda danginsa ma sun ware masa kwano. Asibitin Vom tun 1922 yake, asibitin ido na Kano 1943, wanda har gobe mutane ke zuwa daga Nijar da sauran wurare a cire musu yanar ido, asibitin Galmi a Jamhuriyar Nijar 1950, makarantar makafi ta Gindiri 1953. Yawancin waɗanda suka kwanta a gadajen Kano da Galmi Musulmi ne, sun warke sun koma gida da addininsu. Ba na cewa 'yan mishan mala'iku ne, suna da nasu kurakuran, wasunsu sun raina al'adunmu, kuma ba su ɓoye cewa suna so mutane su karɓi bishara ba, shi ya sa iyaye da yawa suka yi ɗari-ɗari da su. Amma ko wanda bai yarda da wa'azinsu ba ya shaida hannunsu ya taɓa marasa lafiya. Kuma ba Turawa kaɗai ba ne, masu wanke gyambon da masu ba da magani da ungozomomin yawancinsu iyayenmu ne baƙaƙe waɗanda ba a rubuta sunansu a ko'ina ba.

To mu da muka gaje su me za a shaide mu da shi? Makarantun da suka ɗauki 'ya'yan talakawa kusan kyauta, gwamnati ta karɓe da yawa a shekarun 1970, da muka tashi gina sababbi sai muka gina waɗanda ɗan mai gadin cocin ba zai iya shiga ba. Da baikon talakawa aka yi ginin, matan zumunta sun ɗebo yashi da ruwa a ka, an gama kuma 'ya'yansu na leƙe ta katanga. Wannan abu yana ci min rai ƙwarai.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa min a taron kwamiti. Wani dattijo da nake girmamawa ya ce, 'yata ki yi hankali, ceto ta wurin alheri ne ba ta wurin ayyuka ba. Na ce Baba gaskiya ne, haka Afisawa sura 2 aya 8 da 9 suka ce kuma a kan haka na tsaya, ba wanda zai sayi mulkin sama da buhun masara. Amma Baba a ƙara aya ɗaya mana, aya ta 10 tana nan manne da su, ita ce ta ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka waɗanda Allah ya riga ya shirya mu yi. Bishiyar mangwaro ba 'ya'yan ne suka sa ta zama mangwaro ba, amma in shekara goma ba ta yi ko fure ba mai gona zai fara tambaya. Yakubu kuwa, a wasiƙarsa da ke cikin Littafi Mai Tsarki, bai ɓoye komai ba a sura 2, kamar ma cocinmu ya leƙo ya rubuta, ya ce in ɗan'uwa ko 'yar'uwa ba su da sutura ba su da abincin yini, sai waninku ya ce musu ku sauka lafiya, ku ji ɗumi ku ƙoshi, bai ba su komai ba, ina amfanin wannan? Ya ce irin wannan bangaskiyar matacciya ce. Sau nawa na ce wa matar nan Allah zai tanada, na shiga mota na tafi?

Azumin ma da muke ciki ranar, Ishaya 58 ta gaya mana irin wanda Allah yake so, ka raba abincinka da mayunwaci, ka shigo da mara wurin kwana gidanka, ka suturta wanda ka gani tsirara. Mu muna azumi abincin da ba mu ci da rana ba yana jiranmu a kula da yamma har da ƙari, ita kuma tana yin na dole a gefenmu.

Ga kuma maganar zakka. Ba watan da zai wuce ba a karanta mana Malakai 3 aya 10 ba, a kawo dukan zakka cikin ma'aji, kuma ina bayarwa ban taɓa fashi ba. Amma a wannan surar dai, aya ta 5, Ubangiji ya ce zai yi shari'a da masu danne haƙƙin ma'aikaci da masu zaluntar gwauraye da marayu da baƙo, wannan ban cika jin an karanta ta ba. A Maimaitawar Shari'a sura 14 an ce duk shekara ta uku a tara zakkar amfanin gona a cikin gari domin Balawe, wato mai hidimar ɗakin Ubangiji, da baƙo da maraya da gwauruwa su zo su ci su ƙoshi. Har kala an yi wa doka, in kana girbi kar ka share gonar tas, ka bar gefe-gefe domin matalauta, da kalar nan Rut ta ciyar da surukarta. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san kala, mun yi ta a gonar gyaɗa muna yara. Ikilisiyar farko ma rigimar farko da aka rubuta a Ayyukan Manzanni sura 6 a kan rabon abincin gwauraye ce, kuma manzanni ba su ce wannan ƙaramin abu ne ba, mutum bakwai masu cike da Ruhu da hikima aka zaɓa musamman domin aikin. Yau a coci nawa ne in an karanta rahoton kuɗi na shekara za ka ji layin gwauraye ya kai ko rabin na gyaran lasifika? Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024, ina roƙon kowane kwamitin coci ya duba nawa yake biyan mai gadinsa da mai shara da malaman makarantarsa kafin ya hau mumbari ya zagi gwamnati.

Wasu kuma sun ce ai coci ba gwamnati ba ce, ba za mu iya ciyar da kowa ba. Haka ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wahalar ta fi ƙarfin kowace ƙungiya, kuma ba na sauke wa masu mulki nauyinsu ko kaɗan. Amma ba kowa aka ce mu ciyar ba, wadda ke benci ɗaya da mu fa? A Matiyu 25 da Yesu ya ba da labarin ranar shari'a, abubuwan da ya lissafa ƙanana ne, na ji yunwa kun ba ni abinci, na ji ƙishi kun ba ni ruwa, ina baƙo kun sauke ni, ina ciwo kun zo duba ni, ina kurkuku kun ziyarce ni. Ba wanda ya fi ƙarfin mai sayar da kayan miya a cikinsu. Abin da ya fi ba ni tsoro a wurin shi ne waɗanda aka kora ba a ce sun yi sata ko kisa ba, sun gani ne kawai suka wuce.

Sannan yadda ake bayarwar ma abin dubawa ne. Duk mun ji abin da ya faru a watan Disamban 2024, mutum 10 suka mutu a turmutsitsi wajen rabon kayan abinci a wani cocin Katolika a Maitama Abuja, a cikin makon da abin ya faru kuma aka yi irinsa a Okija da Ibadan. Masu rabon da kyakkyawar niyya suka fito, Allah ya saka musu, abin da ya nuna shi ne yunwar ta kai inda mutum zai kwana a bakin get saboda 'yar shinkafa. Amma ya kamata mu koyi wani abu, rabon sau ɗaya a shekara da tara jama'a fili guda ba zai kai mu ba. Balle kuma wanda ake jera gwauraye a gaban coci kowa riƙe da leda a ɗauke su hoto a sa a Facebook. Matar da na ba ku labari ta gaya min dalilin da ya sa ba ta taɓa rubuta sunanta ba kenan, ta ce gara ta kwana da yunwa da 'ya'yanta su ga hotonta a waya. Yesu ya ce in za ka yi sadaka kar hannun hagunka ya san abin da na dama ke yi, su Mama da dare suke aika mu da kwano a rufe, a ce ki ajiye ki gaishe ta ki dawo, kar ki tsaya surutu.

Kuma don Allah kar taimakon ya tsaya a kan namu kaɗai. Na san abin da garin nan ya gani, na san yadda muka rabu wasu suka koma kudancin kogi wasu arewa, ni ma na yi gudun tsira da goyo a bayana, ba labari aka ba ni ba. Amma da aka tambayi Yesu wane ne maƙwabcina, Basamariye ya kawo a misali, mutumin da Yahudawa ba sa ko shan ruwa a kofinsa, firist da Balawe kuma masu hidimar Haikali su ne suka ratse suka wuce. Mu ma an yi mana irin wannan a zamaninmu, a watan Yunin 2018 Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a Barikin Ladi ya ɓoye sama da mutum 200 a masallacinsa da gidansa, yawancinsu Kirista, ya tsaya a ƙofa yana roƙon maharan, dattijo mai shekara sama da 80. Bai tambayi kowa addininsa ba kafin ya buɗe ƙofa. Maƙwabciyata Hajiya duk azuminsu sai ƙosai da kunu sun shigo gidana, ran da maigidana ya kwanta asibiti ɗanta ne ya ba da jini. In almajiri ya tsaya a ƙofata da roba a hannu, yaron wani ne, yunwarsa irin ta jikana ce, kuma in na zuba masa tuwo ba sai na haɗa masa da sharaɗi ba. Taimakon da aka ɗaura wa ƙugiya mutane suna ganewa, kuma yana zubar da mutuncin bisharar da muke cewa muna ɗauke da ita.

Abin da muka fara a zumuntarmu ba wani babba ba ne, ina faɗa ne ko wasu za su ɗauka su gyara. Mun dawo da ziyarar Alhamis, mun raba unguwanni, mata biyu-biyu, kowace gwauruwa da kowane tsoho da mara lafiya a san wanda ke taka gidansa, kuma in an je a leƙa madafa da dabara ba a tsaya a falo ana sai godiya ba. Mun ajiye wani durom a ɗakin kayan kiɗan nan, duk mai zuwa sujada ta zo da ko gwangwani ɗaya na abin da ta auna a gidanta, masara ko gero ko wake, mata uku ne kaɗai suka san gidan da yake zuwa. Mun kai wa dattawa kuka kan 'ya'yan gwauraye a makarantar coci, an yi ta ja-in-ja har zama uku, a ƙarshe dai an yarda ba za a ƙara koro maraya ba sai an zauna da zumunta, yarinyar nan ta koma aji. Uwar kuma mun haɗa mata kuɗin wake da mai, ta koma bakin kaskonta, ta ce ba kyauta take so ba za ta riƙa biya kaɗan-kaɗan a ba wata, ta riga ta biya sau biyu. Tayil ɗin ma an sa rabi an dakata, wasu har yanzu ba su ji daɗi ba, suna ganin mu muka hana.

Malam Edita, in da hali ka tura wakilinka ya zaga coci-coci da masallatai na garin nan ya tambayi shugabanni kai tsaye, gwauraye da marayu nawa ne a ƙarƙashinku, kuma wa ya je gidansu a watan nan, a buga amsar kowa ya gani. Na gode da filin da ka ba ni, a gaida ma'aikata.

Taku,
wata 'yar Zumuntar Mata daga Kaduna